Ban Kira Ta Ba

"Kai ka kira ta?"

Ba Agnes aka yi wa tambayar ba. Tana durƙushe a kan siminti a ɗakin dattawa da ke bayan majami'a, ɗankwalinta ya jiƙe da gumi. Dattawan ikilisiya suna zaune a kujerun roba, Fasto a tsakiyarsu. Mai tambayar kuwa Baba Jona ne, babban dattijo, uban saurayinta Pindar.

Pindar yana tsaye a jikin ƙofa. Shi ba a ce ya durƙusa ba.

"Pindar, da kai nake. Kai ka ce ta hau bagadin wa'azi?"

Agnes ta ɗago ido kaɗan. Ta ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ta san alamar, magana ce ta maƙale. Leɓenta ya motsa da kansa zai taya shi, ta danne.

"B-b-ban..."

Ya runtse ido.

"Ban kira ta ba."

A karo na biyu maganar ta fita sumul, ko tuntuɓe babu.

Agnes ta mayar da kanta ƙasa. Wani ɗan tururuwa yana jan ɓurɓushin biskit kusa da gwiwarta. Shi ta ƙura wa ido har aka gama yanke mata hukunci.

Tun yana yaro Pindar yake da i'ina. Idan yana aikinsa na gyaran firiji a unguwar Hausari, ko yana waƙa a cikin mawaƙan majami'a, babu mai sani. Amma a ce ya yi magana a gaban mutane, sai harshe ya ƙi. A tsakaninsa da Agnes akwai wata ɗabi'a da ba wanda ya koya musu: in ya maƙale sai ya kalle ta, ita kuma ta ƙarasa. A kasuwa haka, a wajen mai keke haka. Har ranar da ya fara faɗa mata abin da ke zuciyarsa, a bakin famfon unguwarsu a Bulabulin, haka aka yi.

"Agi, ina s-s-s..."

"Sona kake yi?"

"Eh."

"To ai sai ka ɗauki jarkar nan ka raka ni gida."

An riga an kai kayan gaisuwa. An yi sanarwar aurensu sau ɗaya a majami'a, saura a maimaita.

Sai makon matasa na majami'a ya zo. Baba Jona ya daɗe yana cewa ɗan dattijo ba zai ƙare a bayan firiji ba, dole wata rana a ji muryarsa a bagadi. Ya sa aka ba Pindar karatun Littafi Mai Tsarki na ranar Lahadi. Pindar ya roƙi a ba wani. Uban ya ce i'ina rashin bangaskiya ce, ya yi addu'a kawai.

A majami'arsu mace ba ta hawa bagadi. Wato ranar Lahadi. Ranar Asabar matan ne suke hawa su share shi, su goge, su canza labule, su jera furannin roba. Amma in an fara sujada, ko shugabar zumuntar mata ce za ta yi sanarwa, a ƙasa take tsayawa, a miƙo mata makirufo daga sama.

Da safiyar wannan Lahadin Pindar ya hau cikin farar riga wadda Agnes ta goge masa. Ya buɗe littafi. Ya ce, "B-b-bari mu..."

Shi ke nan.

Fanka tana juyawa. Wani jariri ya yi kuka aka lallashe shi. Pindar ya sake gwadawa, makirufo ya ɗauki numfashinsa ya watsa wa kowa. Daga layin samari aka fara ƙyalƙyala a ɓoye. Gumi ya zubo masa har kan takarda.

Sai ya ɗago ya nemi layin mawaƙa. Ya same ta. Ya kalle ta, irin kallon nan.

Agnes ba ta tuna lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga ƙafarta a kan matakala, ta ga hannunta a kan littafin kusa da nasa. Ta karanta surar daga farko har ƙarshe. Da ta gama ba wanda ya ce amin.

Hukuncin dattawa shi ne horo. Za ta koma bencin baya. Ba waƙa, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada, ba koyar da yara. An dakatar da sanarwar aure har sai ta durƙusa a gaban ikilisiya ta nemi gafara, kuma dattawa sun ga tuba.

Ta fito ta bi ta bayan gidaje don kada ta haɗu da kowa.

A gida Mama tana tuƙa tuwo, ba ta ko cire zanin zumunta ba. Ba ta juyo ba.

"Malamar wa'azi ta dawo."

"Mama..."

"Bencin baya, Agnes. Kin san su wa suke zama a can? Masu cikin shege da masu shan burkutu. Yau 'yata ce a can."

"Suna yi masa dariya, Mama. Kina ji."

"Na ji. Da sun yi sun gama. Gobe a manta." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Yanzu fa? Wa zai manta ranar da mace ta hau ta karɓe magana daga bakin mijinta?"

"Taimakonsa na yi."

"Ke ce kika fara taimakon namiji? Zauna in faɗa miki. Babanki, Allah ya ba shi hutawa, mai bishara ne a ƙauye kafin rikici ya sa mu gudo nan. Rabin wa'azinsa a bakin murhuna yake samu. Ina daka ina faɗa masa, ka ce kaza, wannan ayar ta fi dacewa. Ya hau ranar Lahadi, mutane su ce Malam ya sha Ruhu Mai Tsarki. Ina zaune ina tafi tare da su. Wa ya sani?"

"Bai dame ki ba?"

Mama ta fara kwashe tuwo.

"A ɗaki ake ba su, su fita da shi waje. Haka ake yi."

"Ban tambaye ki yadda ake yi ba, Mama."

"Ɗauko mini kwano."

Kafin Laraba labari ya gama unguwa. Ashe Zion, 'yar shugabar zumunta, wadda take zama kusa da Agnes a layin mawaƙa, ta ɗauki abin a waya. Ta sa a sitatus, inda kowa zai gani a waya, ta rubuta a ƙasa: sabon Fasto da matarsa, wato Agnes ce Faston. Matan gidan haya suna miƙa wa juna waya a tsakar gida, in Agnes ta fito shanya sai a kife ta a cinya. Zion ɗin ce aka ba baitin da Agnes take rerawa ita kaɗai. Zion ɗin ce kuma aka fara gani da yamma tana shiga gidan Baba Jona da kwanon kunun gyaɗa, kanta a sunkuye, ɗankwali har gira.

Lahadin farko a bencin baya, Agnes ta zauna kusa da wata yarinya mai tsohon ciki da wani tsoho da yake gyangyaɗi. Da aka zo rabon jibi, mai tire ya iso daidai layinsu, ya juya. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa.

Pindar bai kira ba. Bai zo ba.

Sai ita ta je.

Rana tsaka ta hau keke napep zuwa Hausari. Shagon yana nan cike da matattun firiji, wasu ba ƙofa. Maigidansa, Malam Abdulnasir, ya gan ta, ya ga fuskarta, ya ɗauki buta.

"Amarya, wushe, sannu da zuwa. Bari in je masallaci, lokaci ya yi."

Lokaci bai yi ba. Ta gode masa a ranta.

Pindar yana tsugune bayan wani firiji yana kwance abin da ba ya buƙatar kwancewa.

"Fito."

Ya fito yana goge hannu a wando.

"Kalle ni."

Ya kalli ƙafarta.

"Ranar nan ai ka iya kallona. Ka kalle ni a bagadi ko ba ka kalle ni ba?"

"Na k-kalle ki."

"To?"

"K-kallo ba kira ba ne."

Ta matso kusa da shi.

"Tun yaushe, Pindar? A kasuwa kira ne. A gaban kawuna ranar gaisuwa kira ne. Sai a gaban babanka ya tashi daga kira?"

"Kin san me ake c-ce mini yanzu? Matar Fasto. Har yaran layinmu." Ya buga tafin hannu a jikin firiji. "Da kin b-bar ni. Da na sauko da kunyata. Kunyar n-namiji."

"Ashe kunyar ma akwai ta maza akwai ta mata."

"Agi, ki d-durƙusa kawai. Ki ce musu ki-kin tuba. A yi auren."

"Zan durƙusa. Ai na saba, tun ina yarinya nake durƙusawa. Ba shi ya kawo ni ba." Ta nuna ƙasa da yatsa. "Ina ƙasa, kana tsaye, ka ce ba ka kira ni ba. Ko i'ina ba ka yi ba, masoyi. Ban taɓa jin magana ta fito maka da sauƙi irin wannan ba."

Ya buɗe baki.

"A-A-A..."

Idonsa ya taso ya neme ta. Ta san abin da yake so ya ce, ta san shi sarai.

Ta juya ta fita.

A cikin keke ne hawayen suka zo. Ta rufe fuska da gefen ɗankwali, mai keke ya ƙara sautin rediyo. Abin da ya fi cin ta ba maganar Pindar ba ce, ba kuma hoton Zion ba. Wani abu ne da ba ta faɗa wa kowa ba. A ranar, da ta kai tsakiyar surar, ta manta da Pindar. Ta ji muryarta tana cika majami'a har bango, ta ga tsofaffi sun daina fifita suna saurare, sai wani daɗi ya ratsa ta. Ta so a ce surar ta fi haka tsawo.

To wa ya sani? Wataƙila dattawan suna da gaskiya. Wataƙila girman kai ne ya hau da ita, ta lulluɓe shi da sunan soyayya.

Da wannan tunanin ta je ta gaya wa Fasto ta shirya.

Ranar Lahadin majami'a ta cika fiye da kullum. Har waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu sun zo. Bayan an karɓi baikon kuɗi na sujada, Baba Jona ya miƙe ya ce akwai 'yar'uwa da take da magana.

Daga bencin baya zuwa gaba tafiya ce mai nisa. Agnes ta yi ta a hankali. Ta wuce layin zumunta, ta ga Mama ta dafe goshi. Ta wuce layin mawaƙa, ta ga wayar Zion a kan cinya. Ta iso gindin bagadi, ta juya ta fuskanci jama'a, ta durƙusa. Aka saukar mata da makirufo.

"Iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji..."

Benci ya yi ƙara a ɓangaren maza.

Pindar ne ya miƙe.

"Zauna," in ji Baba Jona a hankali.

Bai zauna ba. Ya fito tsakiya, ya tako har gaba, ya durƙusa nesa da ita kaɗan. Bai karɓi makirufo ba.

"Ina da m-m-m..."

"Pindar, ba lokacinka ba ne."

Fasto ya ɗaga hannu. "Dattijo, a bar shi."

"N-n-n..."

Ya maƙale. Jijiyar wuyansa ta fito. Ya buga cinyarsa da hannu kamar zai girgizo maganar. Agnes tana jin numfashinsa. Kalmar tana kan harshenta, ƙarama, mai sauƙi. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Shi ma bai kalle ta ba. Jama'a yake kallo.

Wani ya yi tari. Wata tsohuwa ta ce, "Yesu ka taimaka." Ba wanda ya yi dariya.

"N-ni ne. Ni na k-kira ta."

Ya ja numfashi.

"Da ido. Haka m-muke yi. In na kasa, s-sai in kalle ta. Ta s-sani, na sani. A gaban d-dattawa na ce ban kira ta ba." Ya sunkuyar da kai. "Ƙ-ƙarya na yi. Ina jin ts-tsoron Baba."

Duk ido ya koma kan Baba Jona.

Baba Jona yana tsaye, hannunsa a kan majinginar kujera. Fuskarsa ta yi toka. Fasto ya matsa kusa da shi zai yi raɗa, Baba Jona ya girgiza kai. Shi ne ya yanke wa 'ya'yan mutane hukunci shekara da shekaru, kowa yana kallon abin da zai yi da nasa.

"Wanda ya yi ƙarya a gaban dattawan ikilisiya," ya ce, muryarsa a bushe, "horo ne. Pindar zai koma baya."

Ya juyo wajen Agnes.

"Ke kuma, ko an kira ki ko ba a kira ki ba, kin hau. Ƙarasa."

Ta ɗauka za a ce ta tashi. Ba a ce ba.

Ta ƙarasa. Ta ce ta hau inda ikilisiya ta ce kada mace ta hau, a gafarta mata. Iyakar abin da ta ce ke nan. Baba Jona ya jira ko akwai ƙari. Babu. Aka yi addu'a, aka ce za a duba lamarinsu su biyu in lokaci ya yi.

Suka tashi suka koma baya, ita ta ɓangaren mata, shi ta ɓangaren maza. Ba ta san wanne ya fi zafi ba, tahowar ko komawar.

Bayan an tashi ta tsaya a gindin bishiyar dogon yaro a bayan majami'a har mutane suka ragu. Pindar ya zo ya tsaya, gwiwoyin wandonsa duk ƙura.

"An ƙ-ƙara ɗaga auren."

"Na ji."

"Baba ya ce k-kada in zo gida cin abincin rana."

"To ka sha ruwa."

Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya ɓace nan take.

"Agi... ki y-yafe mini."

"Ban gama fushi ba."

"Zan jira."

Ta tsinki ganye ɗaya tana murzawa a yatsa. Idan ba ta faɗa yanzu ba, ba za ta taɓa faɗa ba.

"Akwai abin da ban gaya musu ba. Ranar da nake karatun nan, na ji daɗi, Pindar. Na manta da kai ma. Na so in ci gaba."

Ta jira ya ja da baya.

"Na s-sani," ya ce. "Ina kusa da ke. Na ga fuskarki."

"Ka gani?"

"Shi ne ya ƙ-ƙona ni. Abin da Baba yake so in zama, s-sai ga shi a jikinki. Kin iya. Ni b-ban iya ba."

Kunya ta sake rufe ta, wata iri dabam. Ta kawar da kai.

"To ka san wadda za ka aura. Mama ta ce a ɗaki ake ba miji magana, ya fita da ita waje. Ni ba zan iya ba. In muna cikin mutane aka yi tambaya na san amsa, zan faɗa. Za a sake ce maka matar Fasto."

"Za a ce."

"Kuma zai yi maka zafi."

"Z-zai yi."

"Ranar da ya yi zafin, me za ka yi? Ka sake barina a ƙasa?"

Ya daɗe bai amsa ba. Wannan karon ba i'ina ba ce, tunani yake yi.

"Ban san y-yadda ake zama da mace irinki ba, Agi. Baba bai koya mini ba. Amma na g-gwada zama ba ke. Na gwada, makon nan." Ya girgiza kai. "In aka sake durƙusar da ke, a y-yi mana wuri mu biyu. Abin da na iya alkawari ke nan."

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ne."

Ta jefar da ganyen. Daga nesa Mama tana tsaye a bakin hanya da jakar littafinta a hammata, tana yi kamar keke take jira, alhali keke nawa sun wuce.

"Muje," Agnes ta ce. "Akwai sauran miyar yakuwa."

"M-Mama za ta yarda?"

"Za ta zage ka tukuna. Ka sunkuyar da kai ka sha, ka ci tuwonka."

Horon ya kai su har ƙarshen damina. Duk Lahadi suna baya, hanya a tsakaninsu, tiren jibi yana juyawa kafin ya iso gare su. Zion ta gaji da kai kunu. Dokar bagadi ba ta canza ba, ba wanda ya ma ɗaga maganar.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Mama ta yi rawa da matan zumunta har muryarta ta dishe. Baba Jona ya zo cikin babbar riga, ya ɗora musu hannu ya sa albarka kamar yadda ya kamata. Da aka kawo abinci Agnes ta ɗauki kwano da kanta ta kai masa, ta gaishe shi. Ya dube ta, ya dubi ɗansa da yake tsaye a gefenta.

"Ajiye," ya ce.

Ta ajiye. Har aka watse bai buɗe ba.